Shaidar da Ɗantani Bai Bayar Ba

Sau uku Dakta Na'ima tana zuwa Bakura saboda mutum ɗaya, kuma duk zuwan a bakin teburinsa na nama take samunsa, yana korar ƙuda da guntun kwali yana yi wa masu saye tsiya. Ɗantani mahauci ne ɗan mahauta, baki gare shi kamar rediyo. Idan mace ta ce naman ya cika ƙashi sai ya ce, "Hajiya, da ƙashinai Allah Ya yi san nan, ni ban ƙara mai ko guda ba." Wannan bakin ne ya sa ta ɗora ranta a kansa. Mutumin da ke tsayar da rabin kasuwa da labari ɗaya, ai ba zai kasa tsayawa gaban mutum bakwai na kwamitin majalisa ya faɗi yadda matarsa ta mutu ba.

Sunan matar Taiba. Wata goma sha ɗaya ke nan da aka kawo ta asibitin da Na'ima ke aiki a Talata Mafara, wata Laraba wajen azahar, kwance a bayan a-kori-kura. Ɗan da ke cikinta ya gicciye, jini kuma ya fara zuba. Ko ɗalibi ya san maganin abin: a shiga da ita tiyata nan take. Sai dai takardar yarda da aiki tana da layi ɗaya a ƙasanta, layin sa hannun miji, shi kuwa mijin tun asuba ya tafi ƙauyukan Maradun sayen shanu, inda waya ba ta shiga.

Wanda ya rako ta wan mijinta ne, Ɗan Asabe. Na'ima ta bi shi da biro har gindin dalbejiyar da ke harabar asibiti. Ya kau da kai.

"Likita, matar ƙanena ta hwa. Tun da anka kawo ta gidanmu ko sunanta ban taɓa kira ba, ko idonta ban taɓa kallo ba. Ni in sa hannu a tsaga cikinta? In ta mutu mi zan ce mai?"

Ta koma ciki da gudu. Taiba ta riƙo bakin farar rigarta, leɓɓanta sun yi fari fat, ta ce, "Likita, ki yi. Ni na yarda. Kawo in dangwala." Ta dangwala yatsa kuwa. Amma mai allurar barci ya tsaya a ƙofar ɗakin tiyata ya ƙi motsi. Shekara biyu da suka wuce an yi wa wata mata aiki ba da hannun mijinta ba, ta rasu, mijin ya kai ƙara, shi mai allurar ya kwana huɗu a tsare ba wanda ya je ya tsaya masa.

"Dakta, ke in ta ɓaci ana iya maishe ki wani gari," in ji shi, idonsa cike da ƙwalla. "Ni nan ɗiyana suke."

Bayan la'asar Ɗantani ya iso a bayan mashin, ya dangwala a tsaye ko numfashi bai mayar ba. Taiba ta cika a kan gadon tiyata, ɗan ma bai zo da rai ba.

Tun daga ranar Na'ima ba ta sake zama daidai ba. Ta kai maganar ga ƙungiyarsu ta likitoci, shugaban reshensu Dakta Hamidu ya karɓa, suka yi wata biyu suna rubuta ƙudirin doka da taimakon wani lauya. Abin da ke ciki bai da yawa. Idan rai na cikin haɗari, yardar mace da bakinta ta isa a yi mata aiki. Idan ba ta cikin hayyacinta, likitoci biyu su sa hannu. Kuma ma'aikacin da ya bi wannan ba za a kama shi ba. Wani ɗan majalisar jiha, Honarabul Bawa, ya ɗauki ƙudirin ya gabatar, ya tsallake karatu na biyu da ƙyar, aka miƙa shi ga kwamitin lafiya. Yanzu kwamitin zai zo Mafara ya saurari jama'a. Saura mako biyar wa'adin majalisar ya ƙare. Idan kwamitin bai mayar da ƙudirin zaure ba a cikin kwanakin nan, ya mutu ke nan, sai a sake daga farko da sababbin mutane.

Masu adawa kuwa magana ɗaya suka riƙe, suna juya ta a majalisun hira da gidajen rediyo: likitoci ne ke son shiga tsakanin miji da matarsa. Ina mijin da ya taɓa kuka da wannan layin? A kawo mana miji ɗaya.

Shi ya sa take zuwa Bakura.

A zuwa na uku Ɗantani ya ajiye wuƙa, ya zauna a kan benci, ya ba ta labarin tun daga fari kamar yadda zai faɗa a gaban kwamiti. Ya faɗi lokacin da aka isa asibiti da lokacin da shi ya iso, awa uku da wani abu a tsakani. Ya ce da ya san yatsansa ake jira da ya yanke shi ya bar mata a gida. Muryarsa ba ta yi rawa ba, Na'ima ce ta kasa jurewa. Ta juya tana duban wani tsohon kanti don kada ya ga fuskarta.

Da ta dawo ta ba Hamidu labari, ya saurara yana jinjina kai, sannan ya ce, "To ki rubuta shi. Ya dangwala, mu miƙa wa magatakardan kwamiti kahin a zauna. Abin da ke takarda shi ke shiga rahoto."

"Takarda kuma?" ta ce. "Yallaɓai, takarda ce ta tsaya tsakanina da matar nan. Ban son su karanta shi suna shan ruwan gora. So nake su ji shi da kunnensu, kamar yadda na ji."

"Na'ima, kin san mutanenmu."

"Na san Ɗantani. Ba ka ji shi ba ne."

Hamidu ya daɗe yana kallonta. Ya girme ta da shekara ashirin, ya ga abubuwa, amma akwai wani haske a idonta da ya ji nauyin kashewa. Ya ce, "Allah Ya sa a dace."

Ranar zaman ɗakin taron ya cika tun hantsi. Maza a gaba kan fararen kujerun roba, mata can baya kusa da ƙofa, fankoki biyu suna juya iska mai zafi. 'Yan kwamiti su bakwai suka jeru a dogon tebur, a tsakiyarsu shugabansu Alhaji Jibo, dattijo mai farin gemu da taushin murya, irin mutanen da ko faɗa suke maka kamar lallashi ne. Na'ima ta hango Ɗantani a layi na uku cikin sabuwar shadda ruwan toka, ya yi aski, ya kafa hula. Zuciyarta ta yi sanyi. Sai ta ga wanda ke gefensa, sanyin ya koma wani abu dabam. Ɗan Asabe ne. Bai taɓa zuwa ranta ba, alhali abu ne da kowane yaro ya sani: ƙane ba ya zuwa gaban manya ya bar wansa a gida.

Wani malami ya yi magana a kan haƙƙin miji. Wata ungozoma ta yi magana, makirfo yana yanke mata murya. Hamidu ya karanta matsayin ƙungiya. Da aka kira Na'ima ta tashi, ta gyara mayafi, ta faɗi yawan matan da suka rasu a hannunta suna jiran sa hannu cikin shekara uku. Su tara ne. Ta san sunan kowacce, amma ba ta kira ba. Ta ga biyu daga 'yan kwamiti sun ajiye wayoyinsu sun ɗago kai, ta ji a jikinta cewa ƙofa ta fara buɗewa.

"Ranka ya daɗe, an ce a kawo miji ɗaya," ta ce. "Ga Malam Ɗantani daga Bakura. Shi ne ya yi rashin matarsa da ɗan cikinta a asibitinmu bara."

Ɗantani ya taso, ya cire takalmi a gaban teburin ya rusuna, aka miƙa masa makirfo. Ya buɗe baki ke nan Alhaji Jibo ya zare tabarau ya ajiye.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Uwa da ɗa? Ashsha, ashsha. Yaushe anka yi rashin?"

"Wata goma sha ɗaya ke nan, ranka ya daɗe."

"Ba mu ji ba, wallahi ba mu ji ba. Ai ba a yi magana bisa mamaci ba a roƙa mai gahwara ba. Liman, bismillah."

Limamin da ya buɗe taron ya karɓi makirfo daga hannun Ɗantani. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗaga hannu. Ya roƙa wa Taiba gafara, ya ce wadda ta rasu wajen haihuwa ta yi shahada, ya roƙi Allah Ya sa jaririn ya zama mai cetonsu, Ya ba mijin ladan haƙuri, Ya sa kada baƙin ciki ya sa shi furta abin da zai rage masa lada. Addu'a ce mai kyau, daga zuciya ta fito. Can baya wata mata ta fashe da kuka. Na'ima ma hannunta a sama yake, bakinta yana amin, amma ji take kamar wadda ke kallon ruwa yana cin gonarta. Aka karanta Fatiha aka shafa.

Sannan 'yan kwamiti suka fara, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya musu tun suna yara.

"Malam Ɗantani, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙanta."

"Amin, amin. Da godiya."

Sau bakwai ya faɗa. Da kowace amsa kansa yana ƙara sunkuyawa, kafaɗunsa suna saukowa, har mutumin nan mai tsayar da kasuwa ya koma irin wanda ake tararwa a kan tabarmar zaman makoki, ido a ƙasa, hannu a gwiwa.

Alhaji Jibo ya mayar da tabarau, ya tausasa murya. "To Malam, muna saurarenka. Kana da ƙorahi bisa wani? Ko asibiti, ko likita, ko wani naka da ya yi sakaci? Hwaɗi, kada ka ji tsoron kowa."

Ɗantani ya juya kaɗan. A layi na uku Ɗan Asabe yana zaune ya rufe fuska da tafin hannu, gemunsa ya jiƙe. Mutum ɗari biyu suna kallon su biyun. Na'ima ta kafe Ɗantani da ido. A ranta tana cewa, awa uku, ka ce awa uku kawai, don Allah ka faɗi wannan ko ba ka faɗi komai ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, muryar ta yi ƙasa har sai da aka matso masa da makirfo, "ba ni da ƙorahi bisa kowa. Likita ta yi iyakar ƙoƙarinta. Yayana ya yi nashi, shi ya kai ta asibiti. Kwananta na ya ƙare. Allah Ya ba ni ita, Ya karɓi abinai."

"Allahu Akbar," in ji wani daga tsakiyar ɗaki. Wani ya ce, "Ka ji mai imani." Guna-gunin yabo ya zagaye wurin kamar iska a gonar dawa.

Na'ima ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba. "Ranka ya daɗe, a tambaye shi ƙarfe nawa aka kawo ta, ƙarfe nawa ya iso. A tambaye shi abin da aka tsaya jira."

"Ɗiyata," in ji Alhaji Jibo, babu ko ɗigon fushi a muryarsa, "bawan Allah ya miƙa lamarinai ga Ubangiji gaban jama'a. Mu kuma mu zan masu fama mai ciwo? Zauna, Allah Ya yi miki albarka. Mun ga ƙoƙarinki."

Magatakarda ya ɗago daga rubutunsa ya tambaya ko shaidan ya miƙa bayaninsa a rubuce kafin zama. Hamidu ne ya ce babu, idonsa a kan takalminsa. Magatakarda ya ja ɗan gajeren layi a littafinsa ya wuce.

Sauran abin bai ɗauki rabin awa ba. Wanda ya fi kowa adawa a cikin kwamitin ya ce, cikin ladabi, ga shi nan kowa ya ji, mijin da likitoci suka kawo da kansu bai ga laifin tsarin da ake bi ba. Alhaji Jibo ya ce magana ce babba, ba a yi mata gaggawa, za a ajiye ta sai an ƙara tuntuɓar malamai da iyayen ƙasa. Babu wanda ya ambaci mako biyar ɗin, kowa ya san da su. Wajen fita Honarabul Bawa ya rage tafiya daidai inda take, ya ce ƙasa-ƙasa, "Likita, mutumin naki ya gama da mu," ya shige motarsa.

Ta tarar da Ɗantani a bakin ƙofa shi kaɗai. Ɗan Asabe ya hau mashin ɗinsu ya tafi tun kafin a tashi. Hamidu ya ce ya shigo su rage masa hanya. Ɗantani ya zauna a gaba, ita a baya. Suka fita daga gari suka hau titin Sakkwato, fadamun shinkafa suna wucewa kore shar a hannun dama. Na'ima ta shirya kalmomi masu zafi tun a ɗakin taro, amma duk lokacin da ta dubi ƙeyarsa da sabon askin nan da ya yi don ranar, sai su narke.

Shi ne ya fara, bai juyo ba, gilashin gaba yake kallo.

"Da asuba ta ce min bayanta na ciwo. Na ce ke dai raki gare ki, wata tara kina wanga kuka. Ta yi dariya ta jehe ni da ludayi. Na hita ke nan. Da na shiga daji na ga waya ba sabis, wallahi likita daɗi na ji. Na ce yau ba mai damuna, in yi cinikina cikin natsuwa. Munka gama da Hulani, sunka kawo hura da nono, na zauna na sha, na ƙara. Har labari na tsaya ba su, suna ta dariya. Ita tana can tana kallon ƙohwa."

Hamidu ya rage gudu ba tare da ya sani ba.

"Ai matar da ke riƙe mini gida in na yi sati a daji, ta hi ni sanin abin da ke cikinta. Ta ce a yi. Ta dangwala. Mi ad darajar yatsana da ya hi nata? Yatsan mahauci, ko sunana ban iya rubutawa da shi. Da dokar ga taku tana nan, da yanzu yaron na rarrahe. Da na dawo na iske ta da ɗinki a ciki tana yi min tsiya, in ta yi mata sannu har ta gaji. Wallahi ko wane miji ya san haka, likita. Ko wane."

Hawaye suna bin fuskar Na'ima, ba ta share ba. Ga ta nan, shaidar da ta yi wata goma sha ɗaya tana nema, ta fi wadda ta ji a Bakura kyau da ciwo, kuma masu saurarenta likitoci biyu ne da suka riga suka yarda.

"Me ya sa ba ka faɗa musu ba?" in ji ta. "Malam Ɗantani, me ya sa?"

"An shahwa Fatiha, likita. Manyan mutane sun yi min gaisuwa, na ce da godiya. In juyo kuma in ce ban gode ba?" Ya girgiza kai. "Ga Yaya zaune. In na ce an jira sa hannu, kowa ya san hannun wa anka nema. Tun ranar nan ba ya cin abinci ya ƙoshi. Ɗiyata Jidda ɗakin matatai take kwana, su ka yi mata kitso, su ka kai ta makaranta. In tsaya gaban duniya in ce shi ya kashe uwarta? Ba ni iyawa. Na so in iya, wallahi na so."

Na'ima ta ce, "In sabuwar majalisa ta zo, muka sake kawowa, za ka yarda a rubuta? Ba sai ka tsaya gaban kowa ba."

Suka wuce wata motar albasa da ta lalace a gefen titi.

"Takarda ana karanta ta, ko? Da sunana a kai."

"Da sunanka."

"To ki yi min haƙuri."

A Lambar Bakura, inda hanyar garinsu ta rabu da babban titi, ya ce a sauke shi, zai hau mashin ya ƙarasa. Hamidu ya ce ai ba nisa, su kai shi har gida. Ya ce a'a, gara kada a ga motar likitoci ta sauke shi yau, Yaya zai ɗauka wani abu ne. Ya fita, ya zagayo ta tagar baya ya rusuna, ya yi mata godiya doguwa, ya roƙa wa iyayenta albarka, ya ce ta yafe masa wahalar da ya ba ta. Ta ɗaga masa kai kawai. Suna kallo ya tattare shaddarsa ya hau bayan wani ɗan acaɓa, suka bi hanyar Bakura har suka ƙanƙance.

Hamidu bai tayar da mota ba. Bai ce ai na gaya miki ba, ita kuma ta fi son ya faɗa, ko ta samu wanda za ta yi wa ihu.

"Sai yaushe ke nan?" ta ce.

"In an rantsar da sababbi, a kahwa kwamitoci, mu samu wanda zai ɗauka. Shekara. Ko biyu."

"Su tara ne, yallaɓai. Akwai sauran maza takwas." Ta share fuska da gefen mayafi. "Akwai na Garbadu, mai noman rani."

"Ya ƙara aure. Na aika mai, ya ce kada a sake tada zancen a gidanai."

"Na Maradun fa, malamin firamare?"

"Uwatai ce ta hana a sa hannu. Kina ganin zai hwaɗa?"

Ta buɗe baki za ta kira na uku, sai ta tuna wanda ya ƙi karɓar biro a ranar, mahaifin mijin ne. Ta rufe bakin. Wata tirela ta wuce ta girgiza motar. Hamidu ya jira ko za ta kira wani sunan, da ya ji shiru ya murza makulli, ya juya kan motar zuwa Mafara.